Jirgi na sama, batir na ƙarewa: ta yaya otofailot ke ganewa?

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, domin waɗanda data ba ta bari su saurara, da kuma waɗanda suka fi jin daɗin karantawa a tsanake.

Yau muna kan ƙananan jiragen nan da ake tuƙawa da rimot, masu fuka-fuki da kuma masu farfela huɗu da aka fi sani da duron. Musamman waɗanda aka ɗora wa otofailot, wato 'yar kwamfutar da ke riƙe jirgi ya daidaita a iska, ta bi da shi hanyar da aka zana mata a taswira, in an rasa sigina ta dawo da shi gida da kanta. Tambayar da za mu bi ita ce, wannan kwamfutar ta yaya take sanin wutar da ta rage a batir? Kuma ta ina ake yi mata ƙarya ba tare da an sani ba?

In mai ya ƙare maka a babur, gefen titi za ka gangara ka tura. Duron in batirinsa ya mutu, faɗowa yake yi kamar dutse, da kyamararsa da komai. Mai fuka-fuki yana da ɗan sauƙi, don ko injin ya tsaya zai iya shawagi ya sauko a hankali, amma da sharaɗin otofailot da sarbo, wato ƙananan injinan da ke motsa fuka-fuki da jela, suna samun wuta. Kuma duk abin da ya faɗo daga mita ɗari, a kan wani abu zai faɗo: rufin wani, gonar wani, ko kan wani.

Misalan da zan kawo yawancinsu daga ArduPilot ne, don manhaja ce ta kyauta da kowa zai iya saukewa ya duba cikinta. Asalinta wani dandali ne mai suna DIY Drones da Chris Anderson ya kafa a Amurka a 2007, lokacin yana editan mujallar Wired. A nan ya haɗu da wani matashi ɗan Meziko, Jordi Muñoz, wanda ke haɗa na'urar daidaita ƙaramin helikwafta da allon Arduino, har suka kafa kamfanin 3D Robotics a 2009. Allon da aka fi ɗora manhajar a kai kuwa, Pixhawk, aikin ɗalibai ne tun farko a jami'ar ETH da ke Zurich a Suwizalan, ƙarƙashin Lorenz Meier. Daga can ne kuma manhajar PX4 ta fito, da yaren da jirgi ke magana da kwamfutar ƙasa, MAVLink.

To, mu fara da shi batirin.

Yawancin jiragen nan batirin LiPo suke amfani da shi. A cikinsa akwai ƙananan ɗakuna da ake kira sel, an jera su ɗaya bayan ɗaya. Sel guda in ya cika yana ba da bolt 4.2. Abin da ake rubutawa a jikinsa 3.7 ne, wannan matsakaici ne kawai. In ya sauka ƙasa da bolt 3.0 ya fara lalacewa, lalacewar da caji ba ya gyarawa. In ka ga an rubuta 3S, sel uku ne, cikarsa 12.6. 4S sel huɗu, cikarsa 16.8. 6S kuma 25.2. Shi ya sa masu harkar ba su cika cewa "batirina yana kan bolt 14" su yi shiru ba, sai sun raba da yawan sel. Bolt 14 a 4S na nufin 3.5 kowane sel, lokacin sauka ya yi ke nan. Ka saba da lissafin kowane sel, shi ne harshen da kowa ke ji.

Matsala ta farko, LiPo ba ya sauka a kan layi miƙaƙƙe kamar ruwa a randa. Daga 4.2 yakan ɗan zube da sauri zuwa wajen 4.0, sai ya daɗe yana jan ƙafa tsakanin 3.9 da 3.7, kamar ba abin da ke faruwa. Daga nan kuma sai gangara. A ƙiyasi, batirin da ke hutawa, ba a jan komai a jikinsa, in ya nuna 3.85 yana wajen rabi. In ya nuna 3.7, abin da ya rage bai fi kashi ashirin cikin ɗari ba. Ka duba fa, tazarar ɗan bolt 0.15 ce ta raba "saura rabi" da "kama hanyar gida". Ƙasa da 3.5 kuwa abin cikin daƙiƙu yake zubewa. Mutum na kallon allo yana ganin 3.5, ya juya ya amsa wa abokinsa magana, ya dawo ya tarar da 3.1.

Matsala ta biyu ita ce babba, kuma nan nake so mu ɗan zauna.

Kun san abin da muke kira "lo karan" a gida? An kawo wuta, kwan fitila yana haske, sai maƙwabci ya kunna injin walda, ko a gida a jona hita, nan take kwan ya dushe. A kashe hitar, haske ya dawo. Ainihin abin da ya sauka a nan bolteji ne, wato ƙarfin turin wutar, ko da yake mu karan muke cewa. Shi karan, yawan wutar da ke gudu a cikin waya ne, ana auna shi da amfiya. To irin wannan ne ke faruwa a batirin jirgi. Kowane batir yana da 'yar turjiya a cikinsa. Duk lokacin da ka ja karan mai yawa, boltejin da ke fitowa sai ya lotsa. Lissafin mai sauƙi ne: karan sau turjiya, shi ne abin da ya ɓace.

Bari mu sa lambobi. Ka ɗauki 4S mai lafiya, kowane sel turjiyarsa miliom 5, gaba ɗaya miliom 20, wato om 0.02. Yana hutawa a kan 15.2, kowane sel 3.8 ke nan. Ka ba jirgi totur yana hawa, yana jan amfiya 40. Arba'in sau 0.02, bolt 0.8 ya tafi. Otofailot zai ga 14.4, wato 3.6 kowane sel. Ka sassauta totur, ya koma kusa da 15. Batirin bai ƙare ba, lotsawa ya yi ya dawo.

Yanzu ka ɗauki tsohon batir, wanda aka sha wahalar da shi har turjiyar kowane sel ta kai miliom 15. Gaba ɗaya om 0.06. Da wannan amfiya 40 ɗin, bolt 2.4 ne zai ɓace. Daga 15.2 sai ka ga 12.8, kowane sel 3.2. A ƙasa kafin tashi, su biyun lamba ɗaya suka nuna maka a mita. A sama ne asiri ke tonuwa. Kuma wutar da ta ɓace ɗin nan zafi take komawa a cikin batirin: mai lafiyar yana ƙona wat 32 a cikinsa, tsohon wat 96. Shi ya sa tsohon batir ke saukowa da zafi kamar an ciro shi daga tanda, kuma shi ya sa yake kumbura.

Akwai wani ƙarin sharrin. Duron da ke tsaye a iska yana buƙatar ƙarfi iri ɗaya daga farko har ƙarshe, mu ce wat 300. Wat kuwa bolt ne sau amfiya. A bolt 16, kusan amfiya 19 zai ja. In batir ya sauka zuwa 14, dole ya ja sama da amfiya 21 kafin ya samu wat 300 ɗin. Ƙarin karan, ƙarin lotsawa. Ƙarin lotsawa, ƙarin karan. Wato a daidai lokacin da batirin ya fi gajiya, a lokacin ake ƙara masa kaya. Wannan na cikin dalilan da suka sa minti na ƙarshe ba ya kama da sauran mintunan.

To shi otofailot ɗin, da wane ido yake kallon batir?

Kwakwalwar Pixhawk ba ta iya auna abin da ya wuce bolt 3.3 kai tsaye. Ka jona mata 16.8, ƙonewa za ta yi. Saboda haka ake sa wani ɗan allo tsakanin batir da sauran jirgi, mu kira shi allon wuta. Aiki uku yake yi. Yana rage wuta zuwa wajen bolt 5 don ciyar da otofailot. Yana auna karan, yawanci ta hanyar bi da wutar ta cikin wata 'yar rezista mai ƙaramar turjiya ƙwarai a ga nawa ya ragu. Sannan yana raba bolteji da rezista guda biyu, ya miƙa wa kwakwalwar ɗan kaso. A tsohon allon wutar 3D Robotics, rabon kusan ɗaya cikin goma ne: bolt 16.8 ya shiga, kusan 1.66 ya isa kwakwalwa, ita kuma ta ninka da 10.1 ta dawo da lambar asali. Wannan 10.1 ɗin shi ne abin da ke cikin saitin da ake kira BATT_VOLT_MULT. Na karan kuma sunansa BATT_AMP_PERVLT. Kafin su yi aiki ma sai ka gaya wa manhajar cewa akwai na'urar awo: BATT_MONITOR a kan 3 bolteji ne kaɗai, a kan 4 bolteji da karan.

A kula, shi wancan tsohon allon iyakarsa bolt 18, wato 4S. Masu 6S sai su nemi wanda aka yi don haka. Kuma kowane allo da nasa rabon. In ka sayi wani iri daban ka bar lambobin tsoho, jirgin zai tashi lafiya lau, allo zai nuna maka lamba mai kyan gani, amma lambar ta bogi ce.

Ko da allon daidai ne, rezista ba ta zuwa cif-cif. Wadda aka ce kuskurenta kashi ɗaya cikin ɗari ne, in aka haɗa biyu, awon na iya kaucewa da kusan kashi biyu. Kashi biyu na 16.8 ya haura bolt 0.3. Ka raba wa sel huɗu, kusan 0.08 kowanne. Ka tuna mun ce 0.15 ne tsakanin rabi da kusan ƙarewa? Ka ga rabin tazarar ya tafi a kuskuren awo kaɗai. Shi ya sa ni a ganina, duk wanda ke da kuɗin sayen otofailot amma bai mallaki maltimita ba, ya sayi doki ne ya manta da linzami.

Gyaran bai kai minti biyar ba. Ka cire farfela tukuna. Ka jona batir, ka auna shi da maltimita, ka duba abin da Mission Planner ko QGroundControl ke nunawa a laftof. Mu ce mita ta ce 16.6, allo ya ce 16.9. Sai ka ɗauki 10.1 ka ninka da 16.6, ka raba da 16.9, ka samu 9.92. Shi za ka sa. A Mission Planner ma akwai gurbin da za ka rubuta abin da mita ta nuna, shi ya yi lissafin da kansa. Lura da wannan misalin: allon yana nuna fiye da gaskiya. Wannan shi ne kuskure mai haɗari, don jirgin yana zaton yana da abin da ba shi da shi. In ƙasa da gaskiya yake nunawa, iyaka dai ya dawo gida da wuri ka ji haushi.

Tunda bolteji yana lotsawa yana dawowa, sai aka ƙara hanya ta biyu: ƙidayar abin da aka sha. A jikin batir za ka ga an rubuta, misali, 5000 mAh. Ma'anarsa zai iya ba da amfiya 5 na tsawon awa guda. Otofailot yana auna karan sau da yawa a kowace daƙiƙa, yana tarawa, yana cirewa daga lambar da ka rubuta masa a BATT_CAPACITY. Kamar mai shago ne da ya san buhu nawa aka sauke masa da safe, yana rubuta duk mudun da ya fita. Wannan hanyar ba ruwanta da lotsawa, ko ka ba da totur ko ka sassauta, lissafi na tafiya daidai.

Amma mai shagon nan bai taɓa leƙa cikin sito ba, littafi kawai yake bi. A ArduPilot, da irin wannan allon wutar, duk lokacin da ka jona batir, ɗauka yake yi a cike yake. Ka jona wanda ka riga ka sha rabinsa da safe, zai ce maka kashi ɗari. Tsohon batir da aka rubuta wa 5000 amma yanzu da ƙyar yake riƙe 3800, shi dai 5000 ya sani. In kuma awon karan ɗin ba a daidaita shi ba, ƙidayar duk ta tashi a banza. Maganin na farkon shi ne BATT_ARM_VOLT: ka sa masa iyaka, in batir bai kai ba, jirgin ya ƙi kunna inji tun a ƙasa. A 4S, wani abu kamar 16 zai hana ka tashi da rabin batir cikin mantuwa.

Daidaita awon karan kuma, hanya mafi sauƙi da caja ake yi. Ka cika batir, ka yi tafiya, ka sauko ka rubuta mAh nawa otofailot ya ce an sha. Ka mayar da batirin kan caja mai nuna abin da ta zuba. Mu ce otofailot ya ce 2600, caja ta zuba 3100. In tsohuwar lambarka 17 ce, sai ka ninka da 3100 ka raba da 2600, ka samu wajen 20.3. Ka maimaita sau biyu ko uku har lambobin su kusanci juna. Kada ka yi ƙoƙarin daidaitawa jirgi yana zaune a tebur yana jan rabin amfiya, a ƙaramin karan awon ba abin dogaro ba ne.

Don haka hanyoyin biyu kowace da makantarta, kuma sa'ar da aka yi, ba wuri ɗaya suke makancewa ba. Bolteji yana ruɗewa da totur amma yana kama tsohon batir da wanda bai cika ba. Ƙidaya ba ta ruɗewa da totur amma ba ta san lafiyar batir ba. Sai a kunna su tare, duk wadda ta fara ƙorafi a saurare ta. PX4 ma haɗa su take yi ta fitar da kaso, sannan ta yi gargaɗi hawa uku, a kashi 15, da 7, da 5 in ba ka canza ba.

Yanzu mu zo kan abin da jirgin zai yi in ya ga wuta ta yi ƙasa. ArduPilot yana da hawa biyu. Na farko, "ta yi ƙasa": BATT_LOW_VOLT da BATT_LOW_MAH. Na biyu, "ta kai maƙura": BATT_CRT_VOLT da BATT_CRT_MAH. Kowane hawa da matakin da za a ɗauka, BATT_FS_LOW_ACT da BATT_FS_CRT_ACT. Tsarin da aka saba ga duron shi ne, a hawan farko ya kama hanyar gida, a na biyu ya sauka a inda yake. Masu tuƙi da yawa suna sa na farko tsakanin 3.5 da 3.6 kowane sel, na biyu tsakanin 3.3 da 3.5. Don kada ɗan lotsawar daƙiƙa biyu ta tayar da hankali, sai boltejin ya zauna ƙasa da iyakar na daƙiƙa 10 a jere kafin a ɗauki mataki, wannan shi ne BATT_LOW_TIMER. Akwai kuma BATT_FS_VOLTSRC. In ka sa shi a 1, manhajar za ta ƙiyasta turjiyar batirin tana cikin tafiya, ta mayar da abin da lotsawa ta cinye, ta yi hukunci da boltejin da batir zai nuna in da hutawa yake. In ka zaɓi wannan, iyakokinka ma sai ka ɗaga su, don yanzu da ma'aunin hutu ake magana, kuma a ma'aunin hutu 3.5 batir ya riga ya ƙare.

Ga wasu ramuka da sababbin shiga ke faɗawa. Manhajar duron ta ArduPilot tana zuwa da BATT_LOW_VOLT a kan 10.5. Wannan lissafin 3S ne, 3.5 sau uku. Ka sa 4S ka bar shi haka, gargaɗi ba zai zo ba sai kowane sel ya kai wajen 2.6, lokacin jirgin ya daɗe da kwanciya a gona. Sannan in matakin yana kan sifili, ƙara kawai zai yi ya aiko da saƙo, ba zai juyo ba. Wani abin kuma, lambobin matakin ba iri ɗaya ba ne tsakanin duron da mai fuka-fuki. A duron, 1 sauka ne, 2 komawa gida. A mai fuka-fuki, 1 ne komawa gida, 2 sauka. Wanda ya kwafi saitin abokinsa ido rufe, zai iya sa jirginsa ya sauka a tsakiyar kasuwa alhali gida yake nufi.

Kuma "komawa gida" ɗin ma a fahimce shi. Duron yakan fara hawa zuwa tsayin da aka sa masa, mita 15 in ba a canza ba, ya dawo, ya sauka. Hawan nan wuta yake ci a lokacin da babu ita. Mai fuka-fuki kuwa in ya iso gida, zagaye zai yi ta yi a samanka yana jira. Ba zai sauka da kansa ba sai in ka tsara masa hanyar sauka tun farko ka kunna RTL_AUTOLAND. In ba haka ba, kai ne za ka karɓi tuƙi ka sauke shi, kuma batirin na ci gaba da tafiya kana tunani.

Ga mai fuka-fuki akwai wata dabara da ya kamata a riƙe. Shi in ya kai sama ya miƙe, karan kaɗan yake ja, don fuka-fuki ne ke ɗauke da nauyin. Lotsawarsa ƙarama ce, abin da kake gani ya yi kusa da boltejin hutu. Saboda haka 3.5 a duron mai jan amfiya 40 na iya nufin akwai saura, amma 3.5 a mai fuka-fuki da ke tafiya a hankali na nufin kusan babu komai. Lambar da ta yi wa wancan daidai, wannan za ta makara.

Abin da babu saitin da zai yi maka shi ne lissafin nisa da iska. Iyakar bolteji lamba ce tsayayya, ba ta san ko jirgin yana mita 200 daga gare ka ko kilomita 6 ba. Mu gwada. Jirgi na gudun mita 15 a daƙiƙa a cikin iska, iskar kuma tana kaɗawa da mita 5 a daƙiƙa. Ka tafi tana tura ka, gudunka a ƙasa 20. Kilomita 6 minti 5 ne. Dawowa kana fuskantarta, gudunka 10, minti 10. In jirgin na jan amfiya 12, zuwa ya ci 1000 mAh, dawowa 2000. Batirin 5000 kuma, al'adar masu harkar ita ce kada a sha fiye da kashi 80, wato 4000. Ka ware 1000 na tashi da hawa da zagayen sauka, ka ga kilomita 6 ɗin nan ita ce iyakarka, alhali lokacin da ya kamata ka juyo allo yana nuna maka sama da kashi 60. Wanda ya jira sai ya ga rabi kafin ya juyo, a daji zai je neman jirginsa. In da hali, ka fara tafiya kana fuskantar iska, ta turo ka a dawowa.

Wani makafin wurin kuma, allon wuta jimilla yake gani, ba ya ganin kowane sel. Bolt 14.0 na iya zama 3.5 sau huɗu. Yana kuma iya zama 3.7, 3.7, 3.7 da 2.9. Jimilla ɗaya, amma na biyun sel guda yana bakin mutuwa, kuma in ya rushe da sauran zai tafi. Shi ya sa kafin tashi da bayan sauka ake soka 'yar na'urar duba sel a farin soket ɗin nan mai wayoyi da yawa, wanda caja ke daidaita sel da shi. In ka ga wani sel yana bambanta da 'yan uwansa da 0.1 ko fiye bayan tafiya, kuma abin na maimaituwa, wannan batirin ya gama aikin sama. Ita na'urar, irin mai ƙararrawa, wasu na barinta a jikin jirgi ta yi ihu in wani sel ya sauka. Tana da amfani in jirgin na kusa. In ya yi nisa, tsuntsaye take yi wa ihun.

Don haka lambar dole ta iso gare ka a ƙasa. Wasu na amfani da rediyon telemetiri mai aiki a megahaz 433 ko 915 zuwa laftof ko waya. Wasu rimot ɗinsu ne ke karɓa, masu manhajar EdgeTX ko OpenTX har magana suke yi, su faɗi boltejin da murya. Masu tuƙi da tabarau kuma lambar na rubuce a gefen hoton da suke gani. Ni muryar na fi so, don idonka yana kan jirgi, kunnenka ne ba ya aikin komai.

A taƙaice kan wuta ta biyu da ake mantawa: bolt 5 ɗin da ke ciyar da otofailot. Allon wuta na otofailot ne da resiba, ba a yi shi don ɗaukar sarbo ba. Sarbo su samu tasu hanyar daban. In sarbo ya maƙale ya ja wutar ta faɗi na ƙiftawar ido, kwakwalwar na iya mutuwa ta sake tashi a sama, alhali babban batir yana cike. Haka kuma ESC, wato na'urar da ke ba inji wuta, wasu suna da tsarin yanke wuta da kansu in bolteji ya sauka. A duron ana kashe wannan, a bar wa otofailot hukunci, don inji guda ya tsaya jirgin ya kife.

Yanayinmu ma yana da hannu. Sanyin safiyar hunturu yana ƙara turjiyar batir, sai ka ga yana lotsawa fiye da yadda ka saba tun a minti na farko. Zafin Afrilu kuma tsufar da shi yake yi da sauri, musamman in an bar shi a cike a cikin mota a rana. In zai kwana biyu ba a yi amfani da shi ba, a ajiye shi a wajen 3.8 kowane sel, a inuwa. Wanda ya kumbura ko ya fashe a jiki yana iya kamawa da wuta, ba a cajinsa, kuma ko mai lafiya ba a barinsa kan caja a tafi barci. In kuma ka koma amfani da sel irin 18650 ko 21700 da masu tafiya mai nisa ke so, su suna sauka har wajen 3.0 ko ƙasa kaɗan ba tare da illa ba, kuma sun fi lotsawa, duk iyakokin da muka ambata sai an sake su.

Bayan kowace tafiya otofailot yana ajiye rajistar abin da ya faru a katin memori. Ka buɗe ta a Mission Planner, ka nemi sashen BAT, ka zana Volt da Curr a kan juna. Za ka ga duk inda layin karan ya hau, na bolteji ya lotsa. Ka ɗauki wuri guda, ka raba abin da bolteji ya ragu da abin da karan ya ƙaru, ka samu turjiyar batirinka da wayoyinsa. Ka rubuta a jikin batirin da maka, da kwanan wata. Bayan wata biyu ka sake aunawa, ka ga ko ta ninka.

Nan za mu dakata. Mai tambaya kan saitin jirginsa ya faɗi yawan sel, da mAh, da irin allon wutar da yake amfani da shi, don da su ake lissafin. Sai mun haɗu a shiri na gaba.